Helios-44 a Kan Teburi: Yadda Ake Kwance Tsohon Lensi a Wanke Shi

Tsohuwar kyamara irin mai cin fim ta rasa kasuwa a wurinmu. Fim ɗin ya yi wuyar samu, masu wanke shi sun rufe shaguna ko sun koma buga hoton waya. Amma lensin da ke ɗaure a gabanta yana nan da amfaninsa, domin gilashi ne da ƙarfe zalla, ba ya neman batir, ba ya neman waya. Da ɗan zoben haɗi mai araha sai ya hau kyamarar zamani ta Sony ko Fujifilm ko Canon, ya ci gaba da aiki. Shi ya sa za ka ga matashi mai ɗaukar bidiyon biki yana bin 'yan gwanjo da tsofaffin shagunan hoto yana tambayar ko akwai sauran lensin dauri.

Matsalar ita ce abin da ya shekara arba'in ko hamsin a cikin akwati ba ya fitowa garau. Wani zobensa ya ƙage, wani cikinsa ya yi hazo, wani kuma fumfuna ta yi gida a kan gilashinsa. Na daɗe ina buɗe irin waɗannan ina wankewa, kuma abin da na gani ya sa na tsaya a kan magana guda: an ƙera su ne yadda hannun mutum zai iya kwance su ya mayar, amma waɗanda hannu ya kashe sun fi waɗanda datti ya kashe. Galibin lensin da ake kawo mini a lalace, wani ne ya riga ni taɓa shi, garin neman gira ya rasa ido.

Wanda na fi so in koyar da shi shi ne Helios-44-2, lensin Tarayyar Sobiyat mai tsawon milimita 58 da buɗewa har f/2. Yana da araha, yana da yawa a duniya, kuma cikinsa ba shi da ruɗani. Asalin zanensa na Jamus ne. Kamfanin Carl Zeiss na birnin Jena ya fitar da lensi mai suna Biotar, wanda Willy Merté ya tsara, kuma nau'insa na milimita 58 ya fito a tsakiyar shekarun 1930. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Rashawa suka kwashi injuna da zane-zane har da wasu ma'aikata daga Jena a matsayin diyyar yaƙi. Daga 1958 masana'antar KMZ da ke Krasnogorsk, kusa da Mosko, ta fara ƙera nata Biotar ɗin da sunan Helios-44. Daga baya wasu masana'antu a Minsk da Valdai suka shiga aikin, aka yi ta ƙera shi har cikin shekarun 1990, miliyoyi a kan miliyoyi, ana sayar da shi tare da kyamarar Zenit. A yawancinsu, lambobi biyu na farko a jerin lambar da ke rubuce a gaba su ne shekarar da aka ƙera shi. Idan ka ga lambar ta fara da 78, to abin da ke hannunka ya fito daga masana'anta a 1978.

Abin da ya dawo da shi bakin mutane shi ne yadda yake murɗa bayan hoto. Idan ka buɗe shi har f/2 ka ɗauki mutum a gaban bishiya, fuskar za ta fito fes, ganyayen baya kuwa su narke su yi kewaye. A ilimin gilashi wannan naƙasu ne, amma masu fim sun ƙaunace shi. Greig Fraser, wanda ya riƙe kyamara a fim ɗin The Batman na 2022 da Dune: Part Two na 2024, ya yi amfani da tsofaffin gilasan Sobiyat irin wannan, waɗanda kamfanin IronGlass na Yukiren ya sake wa sabon jiki.

A cikinsa gilasai shida ne, an jera su rukuni huɗu. Na gaba shi kaɗai yake. Na biyu da na uku an manne su da juna. Sai ƙofar haske a tsakiya, wadda ke da siraran ganyayyakin ƙarfe takwas masu buɗewa da tsukewa. Bayanta sai wasu biyun a manne, sannan na ƙarshe shi kaɗai. Duk wannan yana zaune cikin bututu guda, bututun kuma yana zaune cikin wani tiredi mai faɗi wanda ke tura shi gaba ko baya idan ka murɗa zoben saiti. Iyakar abin ke nan.

Kafin a ɗauki sukundireba, a ɗauki tocila. Buɗe ƙofar hasken gaba ɗaya, ka shiga wuri mai ɗan duhu, ka haska ta baya a karkace kana leƙawa ta gaba. Kada ka haska kai tsaye cikin idonka. Abin da za ka gani zai tayar maka da hankali, domin tocila tana tona asirin ko da sabon lensi ne. Sai dai ba duk abin da ka gani ne cuta ba.

Ƙura dai a ƙyale ta. Wannan ita ce maganar da mutane suka fi ƙin yarda da ita, amma haka abin yake. Ɗigon ƙura da ke cikin lensi ya yi nesa ƙwarai da inda hoto ke haɗuwa, don haka ba ya fitowa a hoton, iyakarsa ya tare haske ɗan mitsitsi wanda ido ba zai gane ba. Baƙin ɗigon da kake gani a sararin sama cikin hotonka, kusan kullum a kan allon ɗaukar hoto na kyamarar yake, can ya kamata ka duba. Wanda ya buɗe lensi saboda ƙura, a ƙasar da hunturu ke cika kowane ɗaki da gari, zai rufe shi da ƙurar da ta fi wadda ya tarar.

Hazo kuwa daban ne. Shi ne farin dusashi da ke shimfiɗe a fuskar gilashi baki ɗaya, galibi gilasan nan biyu da ke fuskantar ƙofar haske. Tushensa giris ne. Man da aka shafa a tiredi tun a masana'anta, idan ya sha zafi shekara da shekaru, sai ɓangarensa mai ruwa-ruwa ya tashi ya zama tururi, ya sauka a kan gilashi. Hazo yana watsa haske, baƙi ya koma toka-toka, kuma idan ka fuskanci taga ko fitila sai hoton ya wanke ya yi fari. Wannan ya cancanci a buɗe, kuma yawanci yana fita.

Fumfuna ita ce babbar abokiyar gaba. Za ka gan ta zare-zare, farare, masu rassa, tana tasowa daga gefen gilashi tana nufar tsakiya. Halitta ce mai rai. Ƙwayoyinta suna cikin iska ko'ina, abin da take jira kawai duhu da laima da iskar da ba ta motsi. Idan laimar iska ta kai kashi 70 cikin 100 ta yi kwanaki a haka, ta samu abin da take so. Abincinta ƙura ne da maiƙon yatsa da ɗan zaren tufafi. Abin takaicin, tana fitar da ruwa mai tsami wanda ke cin shafen da ke kan gilashin, idan ta daɗe har gilashin kansa. Lensin da ya zauna a Legas ko Fatakwal ya fi kamuwa da ita, amma kada mutumin Kano ko Zariya ya saki jiki, watan Agusta kaɗai ya isa, musamman idan kyamarar tana cikin jakar fata a ƙarƙashin gado.

Akwai abu biyu da ke kama da datti alhali wanki ba ya yi musu komai. Na farko rabuwar gilasan da aka manne. A da, da ƙaron wata bishiya ta Kanada ake manne su, saboda haske yana ratsa shi kusan yadda yake ratsa gilashi. Idan ya tsufa sai ya fara saki daga gefe, ka ga launuka suna walƙiya ko wani rawaya-rawaya ya zagaye bakin. Tsakanin gilasan biyu abin yake, tsumma ba ya kaiwa can. Na biyu shi ne rawayar da ke kama wasu lensi na Japan, irin su Super-Takumar 50mm f/1.4 na kamfanin Asahi na shekarun 1960. An zuba sinadarin toriyam cikin gilashinsu don ya ƙara lanƙwasa haske, shi kuma yana fitar da ɗan tururin nukiliya wanda da tafiyar shekaru ke rina gilashin. Hasken rana na kwanaki yana rage rawayar, sai dai a ranarmu a yi hattara, zafin da zai gyara launin shi ne zai narkar da giris. A naɗe jikin da takardar gwangwani, a ajiye a inda rana ke shigowa da safe, kuma kada a fasa ko a goge irin wannan gilashin da abu mai kaushi.

Kayan aiki ba su da yawa. Babba a cikinsu shi ne sifanar lensi, ƙarfe mai ƙafa biyu da ake matsarwa su shiga ƙananan tsagogi biyu da ke jikin zoben da ke riƙe gilashi. Sai robobi masu siffar kofi, girma-girma, waɗanda ake dannawa a kan zoben da ba shi da tsaga a murɗa. Sai 'yar robar hura iska, da buroshi mai laushi, da matsefata, da ƙananan sukundireba, da takardar goge lensi, da auduga mai tsinke. Mafi yawan waɗannan za ka same su wurin masu sayar da kayan gyaran waya, a Kano kasuwar Farm Centre ta wadatar. A can ne ma za ka sami sifirit mai tsabta da suke wanke allon waya da shi, wanda ake kira IPA. Shi nake amfani da shi, domin na kemis yakan zo da ruwa a ciki, ya bushe ya bar zane.

Wata 'yar magana kan sukurori. Na Helios masu tsaga ɗaya ne, ƙanana, kuma ƙarfensu da taushi, idan bakin sukundireba bai cika tsagar daidai ba sai ya tauna kan. Na lensin Japan kuwa masu gicciye ne, amma gicciyen nasu tsarin JIS ne, ya ɗan bambanta da na Phillips da ke kasuwa. Idan ka sa na Phillips sai ya riƙa zamewa yana cinye kan. Sukurun da kansa ya cinye a jikin lensi, fitar da shi ya fi duk sauran aikin wahala. Idan ka ga ɗigon jan fenti ko kore a kan sukuru, manne shi aka yi don kada ya warware. A ɗiga masa asiton kaɗan a jira, kada a sa ƙarfi.

Wuri da lokaci suna da muhimmanci. Ba na buɗe lensi a tsakiyar hunturu idan ba dole ba. Lokacin da na fi so shi ne bayan an ɗauke ruwan sama, iska ta wanku. A goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma, a kashe fanka, a rufe taga, a shimfiɗa farin tawul marar gashi a cikin babban tire a yi aikin a ciki. Amfanin tiren zai bayyana lokacin da aka zare zoben ƙofar haske. A lensi da yawa akwai wani ɗan ƙwallon ƙarfe da bai fi milimita ɗaya da ɗoriya ba, zaune a kan siririn sifirin, shi ke ba da ƙas-ƙas ɗin nan idan ana murɗawa. Da an ɗaga zoben sai ya yi tsalle, idan ya faɗi ƙasa kuwa sai dai haƙuri.

Sannan waya ta kasance a kusa. Kafin ka cire kowane abu ka ɗauki hotonsa, bayan ka cire ka sake ɗauka. Abin da ka cire ka jera shi daga hagu zuwa dama bisa yadda ya fito, fuskar da ke kallon gaba tana kallon sama. Ni kiret ɗin ƙwai na roba nake sa ƙananan sukurori a ciki, kowane mataki da gurbinsa.

Daɗin Helios-44-2 shi ne rabuwa biyu da yake yi ba tare da an kwance sukuru ko ɗaya ba. Ka riƙe gindin da hannu ɗaya, ka kama gaban da ɗaya hannun, ka murɗa hagu da ɗan ƙarfi. Bututun gilasai zai warware ya fito gaba ɗayansa, ya bar tiredin saiti a hannunka. A tsakaninsu akwai wani siririn zoben ƙarfe, wani lokaci fiye da ɗaya. Mutane da yawa suna ɗaukarsa tarkace ne. Wannan zoben wani ma'aikaci ne ya zaɓe shi a masana'anta domin wannan lensin kaɗai, kaurinsa ne ke sa abin da ke nesa ya fito daidai lokacin da zoben saiti ya kai ƙarshe. Tsakanin bakin kyamara da fim a tsarin M42, wato irin bakin da Helios-44-2 ke ɗauruwa a kai, milimita 45.46 ne, kuma kuskuren da bai kai kaurin takarda ba yana iya sa dutse ko hasumiyar da ke nesa ta ƙi fitowa sarai. A adana shi.

Daga nan rukunin baya yana warwarewa, sai ga ƙofar haske a fili. Ta gaba kuma a kwance zoben da ke ɗauke da suna, a kifa bututun a hankali a kan tafin hannu mai safa, gilashin gaba ya sauko. Sa sifana a nan yana son natsuwa: a daidaita ƙafafun biyu su zauna cikin tsagogin sosai, a danna ƙasa, sannan a murɗa. Idan ƙafa ɗaya ta zame, gilashi za ta nufa, kuma ƙarfe ba ya tausaya wa gilashi. Na saba yanka ɗan kwali in rufe gilashin kafin in sa sifana. Da gilashi ya fito, kafin komai, a yi 'yar alamar kibiya da fensir a kaurin gefensa mai nuna gaba. Wasu gilasan fuskokinsu biyu sun yi kama ƙwarai a ido, amma lanƙwasarsu ba ɗaya ba ce. Akwai masu juya gilashin gaban Helios da gangan don hoton ya yi wani irin kewaye mai tsanani, tsakiya kaɗai ke fitowa. Wannan ya nuna abin da zai faru idan aka juya shi bisa kuskure.

Yanzu wankin kansa, inda ɓarnar ta fi aukuwa. Idan ka karkata lensi a haske za ka ga fuskarsa tana ba da launin shuɗi ko shunayya ko ruwan zuma. Wannan shafe ne da aka yi wa gilashin. Gilashin da ba a shafe ba, kowace fuskarsa tana mayar da kashi 4 zuwa 5 cikin 100 na hasken da ya faɗa mata. Helios yana da fuskoki takwas da ke haɗuwa da iska, don haka da babu shafen, kusan sulusin hasken zai ɓace ko ya riƙa yawo a ciki yana dusashe hoto. Alexander Smakula, masani ɗan asalin Yukiren da ke aiki a Zeiss, shi ya samar da hanyar yin wannan shafen a 1935, kuma Jamus ta ɓoye ta na wasu shekaru a matsayin sirrin soja. Kaurin shafen kusan kashi ɗaya ne cikin dubu goma na milimita. A lensin dauri, musamman fuskokin ciki waɗanda ba a yi tsammanin hannu zai taɓa ba, yana da taushi sosai.

Wani dattijo da ya yi sana'ar hoto tun zamanin baƙi da fari ya taɓa kawo mini Helios ɗinsa. Gilashin gaban ya yi fari fat da ƙananan zane masu zagaye, dubbai, har ba a ganin launin shafen. Na ce, "Baba, me ya sami wannan?" Ya ce, "Wallahi ɗana, ban taɓa barinsa da datti ba, kullum kafin in ɗauki hoto sai na goge shi da bakin rigata." Gaskiya ya faɗa, ƙauna ce ta jawo. Ƙurarmu yashi ce, yashi kuwa ya fi gilashi tauri. Duk goga ɗaya da busasshen ƙyalle, ƙwayar yashi ce ake ja a kan fuskar. Cikin lensin nasa na wanke ya yi kyau, amma gaban babu abin da zan iya yi masa, sai da muka samo wani mataccen Helios muka ciri gilashin gabansa.

Saboda haka tsarin ba ya canzawa. Da farko iska, a hure duk abin da zai tashi. Da robar hurawa ake yi, domin baki yana fesa yawu. Sannan buroshi, a share a hankali. Sai bayan nan ruwa ya shigo. A ɗiga sifirit a kan takarda ko auduga, kada a zuba a kan gilashin. A fara daga tsakiya a zagaya zuwa gefe, nauyin hannu bai wuce nauyin takardar ba. Zagaye ɗaya, a jefar, a ɗauki sabuwa. Takardar da ta riga ta ɗebi datti idan ta koma kan gilashi ta zama abin kankara. Za ka ƙarar da takardu da yawa a kan gilashi guda, kuma haka ya kamata.

Fumfuna ba ta cika jin sifirit ba. Abin da ke kashe ta ya ɗaga ta shi ne ruwan haidurojin ɗin da ake wanke ciwo da shi, wasu masu gyara suna gauraya shi da amoniya rabi da rabi, a wuri mai iska. A jiƙa wurin, a ba shi 'yan mintuna, za ka ga zaren suna saki. Gilashin da yake shi kaɗai ana iya wanke shi da ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke, a ɗauraye da tataccen ruwa irin na batir, a ƙarasa da sifirit. Amma gilasan da ke manne kada a tsoma su cikin komai. Ruwan zai bi ta gefe ya shiga ƙaron, sifirit da asiton kuwa narkar da shi suke yi. Haka baƙin fentin da ke gefen gilasan, an sa shi ne don ya shanye hasken da ya ɓace hanya, idan ya goge a mayar da shi. Kuma a goge cikin bututun ƙarfen ma, domin ƙwayoyin fumfunar suna nan a maƙale.

Wani lokaci bayan an gama, sai ka haska ka ga sawun zaren yana nan, kamar an zana shi. Fumfunar ta tafi, abin da ya rage tabon da ta ci ne. A nan ake bambanta mai gyara da mai ɓarna. Na ga lensin da aka bi irin wannan tabon da man goge baki, aka kankare shafen duka, aka bar fili mai faɗi da ya fi tabon muni sau goma. Tabo a gefen gilashi da wuya ya nuna a hoto. A bar shi.

Ganyayyakin ƙofar haske a bushe ake son su, ƙarau. Idan ka ga suna ƙyalli, giris ne ya gangaro. A Helios-44-2, da hannu ake rufe ƙofar, don haka ɗan mai ba ya hana aiki nan take. A irin su Helios-44M da yawancin lensin Japan kuwa, sifirin ne ke rufe ta cikin ƙiftawar ido lokacin da aka danna, ɗan danƙo kaɗan sai ta makara, hoto ya ƙone da haske. Ko a wanne ne dai a cire man, domin shi ne hazon gobe, kuma ganyen da ya manne da ɗan'uwansa yana iya lanƙwashewa idan aka murɗa da ƙarfi. Ga mai koyo, shawarata kada ya zare ganyayyakin. A jiƙa auduga da man laita, a taɓa su a hankali suna rufe, a buɗe a rufe, a goge abin da ya fito, a maimaita har su daina ƙyalli, a bar su su sha iska. Zare su yana wanke su fiye da haka, amma mayar da takwas ɗin, kowanne a kan na kusa da shi, na ƙarshe kuma a cusa shi ƙarƙashin na farko, aiki ne da ke cin yini.

Saura tiredin saiti, wanda shi ne ya fi sa mutane kuka. Tsohon giris na Sobiyat yakan daskare ya yi tauri har zoben ya ƙi motsi. Maganin a raba tiredin, a wanke da man laita da tsohon buroshin haƙori, a sa sabo. Tarkon yana wurin rabawar. Murfin kwalbar magani bakin tiredinsa ɗaya ne, duk yadda ka ɗora shi wuri ɗaya zai kama. Na lensi kuwa bakuna da yawa gare shi a kewaye, kowanne zai karɓa ya murɗu lafiya lau, amma ɗaya ne kawai daidai. Idan ka shiga ta wani, lensin zai haɗu tsaf, sai dai lambobin nisa su koma gefe ko ƙasa, nesa kuma ta ƙi fitowa. Don haka kafin a raba, a kai zoben ƙarshen nesa, a auna tazarar da ke tsakanin sassan a rubuta. Sannan a warware sannu a hankali, ana ɗan ja, ana ƙirga zagaye, ido a kan wurin. A daidai inda sassan biyu suka saki juna a tsaya cak, a ja layi da bakin allura ya ratsa su biyun. Wannan layin shi ne hanyar komawa. Alamar maka ba ta da amfani a nan, man laita zai wanke ta.

Giris ɗin mota, da man keken ɗinki, da basilin, duk kada su kusanci lensi. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, narkewa za su yi su gangara kan ganyayyaki da gilashi, aikin da ka yi ya koma baya cikin bazara ɗaya. Akwai giris na musamman da ake yi domin wannan tiredin, ɗan ƙaramin gwangwani zai yi maka shekaru. A shafa da ɗan buroshi, siriri, iya yadda ƙarfen zai yi sheƙi. A haɗa, a murɗa gaba da baya, a goge rarar da ta fito ta baki.

Mayarwa bin hotunan wayarka ne daga ƙarshe zuwa farko. Kowane gilashi a hure shi kafin ya shiga, a tabbatar ya zauna daram a gurbinsa bai karkace ba. Zoben da ke riƙe shi a fara murɗa shi hagu har a ji ya faɗa bakin tiredi, sannan a yi dama. Tiredin alminiyam ne siriri, idan ya hau a karkace ya lalace ke nan. A ɗaure har ya tsaya, a ƙara ɗan kaɗan, shi ke nan, domin ɗauri mai tsanani yana matse gilashi har ya fasa gefensa. Idan an gama, a girgiza a kusa da kunne. Ƙara tana nufin wani zobe bai zauna ba. Daga nan a ɗora a kyamara, a buɗe f/2, a nufi abu mai nisa irin hasumiyar masallaci ko ƙarfen sabis, a duba ko ya fito sarai a ƙarshen zoben. Sai a ɗauki jarida a manne a bango, a duba kusurwoyi huɗun hoton. Idan gefe ɗaya ya fi ɗaya dusashewa, akwai gilashin da ya karkace.

Duk wannan bayanin na lensin dauri ne mai tsayi ɗaya, wanda ake saitawa da hannu. Mai zuƙowa, ko na zamani mai saita kansa, wani al'amari ne dabam. Cikinsa akwai moto da siraran wayoyi masu yagewa, wasu gilasan an narka roba an riƙe su da ita, wasu kuma da na'ura aka daidaita su a masana'anta. Haka lensi mai tsada irin na Leica, ko wanda yake gadon mahaifi ne da ba a son rasawa, ba a koyon aiki a kansa. A nemi mataccen Helios ko lensin Industar mai araha a fara da shi.

Lensin da aka wanke, inda za a ajiye shi ne zai nuna ko za a sake buɗe shi. A raba shi da jakar fata, ita ce ta fi riƙe laima. A sa shi cikin robar abinci mai murfi mai kamawa, wadda haske ke ratsawa, tare da 'yan ƙunshin ƙwayoyin shan laima irin waɗanda ke zuwa cikin kwalin takalmi ko na magani. Laimar da ake so a ciki tsakanin kashi 40 zuwa 50 ce, kuma ana samun ƙaramin ma'auni mai araha da za a jefa ciki. Ƙwayoyin suna ƙoshi su daina aiki, don haka a farkon damina da tsakiyarta a juye su a busasshiyar tukunya a ɗumama a wuta kaɗan, su huce a rufe, a mayar. Lensin da ya taɓa yin fumfuna a ware masa robarsa dabam, kuma ko ba a da aikin ɗauka, a riƙa fito da shi duk bayan 'yan makonni a murɗa zobbansa a bar shi ya ga haske.